Wanda Ya Kai Ƙarar Mahmud

Isha'aku ya tsinci abin ne a cikin soson wata tsohuwar kujera, wata ranar Asabar da hantsi. Sama da shekara talatin ke nan yana gyaran kujeru a unguwar Mahjar ta Jidda, a warsha ɗaya, wato shagon aikinsa, ƙarƙashin kafili ɗaya, Balaraben da ya tsaya masa a takardun zama, tun yana saurayi da ya zo aikin Hajji daga Damagaram ya zauna. Kujerar ta daɗe a ƙuryar warshar, mai ita bai dawo ya karɓa ba. Ya zura hannu zai yago ɗan soso ya cike hannun wata kujerar, sai ya taɓo abu mai tauri.

Baƙar leda ce. A ciki akwai wani curi mai ruwan ƙasa kamar rabin sabulun wanki, da wasu ƙananan gutsattsari masu yawa, kowanne an naɗe shi daban cikin leda mai sheƙi. Bai taɓa riƙe hashish a hannunsa ba, wato wiwin da aka daskarar, amma warin ya gane shi. Shi ne warin da yake ji a rigunan ɗansa Mahmud.

Su biyu ne kawai ke da mabuɗin warshar.

Mahmud yana da shekara ashirin da uku. A Jidda aka haife shi, a unguwar Hindawiyya, a gidan da har yau suke haya. Fasfonsa na Nijar ne, amma bai taɓa taka ƙasar ba. Yana jin Hausa sarai, in zai mayar da amsa kuwa rabi Larabci ne. Hannunsa yana da kyau a ɗinkin kujera, ya fi na ubansa sauri. Sai dai tun bara ya sake: barci har azahar, jajayen idanu, dariya inda babu abin dariya. Isha'aku ya yi faɗa, ya yi nasiha, sau ɗaya har ya ɗaga hannu. Yaron ya rantse ya bari.

Ya cusa ledar cikin aljihun jallabiyarsa, ya zauna a kan benci ya kasa ci gaba da aiki.

Bayan la'asar Hamad ya biyo, kafilin nasa, dattijo mai ciwon gwiwa da yakan zo shan shayi. Isha'aku ya ce masa wai ɗan wani abokinsa ne ya faɗa shaye-shaye, uban ya rasa yadda zai yi.

Hamad ya dube shi ta saman tabarau. Ya gane, amma bai nuna ba.

"Ka gaya wa abokin naka ya kai shi da kansa, ya Abu Mahmud. Haka muka yi da ɗan ƙanwata. In iyaye ne suka kai mai sha, suka miƙa abin da ke hannunsa, ba a buɗe masa ƙara. Asibiti ake kai shi. Yaron yanzu ya yi aure, yana aiki a tashar jirgin ruwa."

"Babu ɗauri?"

"Babu. Ko sunansa ba a rubuta cikin masu laifi ba."

Isha'aku bai gaya masa yawan abin ba, bai gaya masa yadda aka yanyanka shi ba. A nasa tunanin, mai sha ne ya yanka don ya riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan. Bai kuma gaya wa matarsa Salamatou komai ba. Ya san za ta ce a jefa a masai a rufa asiri, yaron kuma ya sake sayo wani.

Washegari da safe ya ce mata zai je sayo soso. Ya bar Mahmud a warsha, ya hau mota zuwa ofishin masu yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Niyyarsa ya fara tambaya ya ji yadda ake yi, sannan ya koma ya lallaso yaron su zo tare.

Jami'in da ya karɓe shi matashi ne mai ladabi. Ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa shayi, yana ce masa "ya ammi", wato baffa. Isha'aku ya yi bayani, ya ɗora ledar a kan tebur. Jami'in ya kwance ta, ya jera gutsattsarin ɗaya bayan ɗaya. Ya kira wani ya kawo ɗan sikeli. Suka yi magana ƙasa-ƙasa.

"Ya ammi, wannan ba kayan mai sha ba ne."

"Nasa ne. Shi yake sha. Na ji warin a rigarsa."

"Wataƙila yana sha. Amma mai sha ba ya naɗe su haka. Wannan an shirya shi ne don sayarwa. Ina yaron yake yanzu?"

Isha'aku ya miƙa hannu zai tattara kayan. Ya ce kuskure ya yi, zai koma ya sake shawara. Jami'in ya ɗora tafinsa a kan ledar, ba da ƙarfi ba.

"Abin ya shiga hannun hukuma. Ni ma ba ni da ikon mayar maka. Ka gaya mana inda yake, ya fi masa sauƙi a same shi a wurin aiki da a je gida gaban mahaifiyarsa."

Ya faɗa musu. Suka bar shi a ofishin da shayinsa da ya huce, har aka kira azahar. Da suka sallame shi, ya tarar da warsha a buɗe, yadin da Mahmud yake yankawa yana nan a kan tebur da almakashi a bisansa.

Labari ya riga shi isa Hindawiyya. Ya samu Salamatou zaune a ƙasa a tsakar ɗaki, 'yarsu Zakiya tana riƙe da kafaɗarta.

"Malam, sun tafi da shi. Kana can wajen soso suka zo."

Ya buɗe baki. Kafin ya ce wani abu ta ci gaba.

"Maman Lawali ne. Wallahi shi ne. A kunnena ya faɗa."

Maman Lawali maƙwabcinsu ne, mutumin Maraɗi, mai tukubar tsire a bakin layi. Watanni kaɗan kafin nan ya kama Mahmud da abokansa suna busa hayaƙi a rufin gidan, kusa da inda 'ya'yansa suke wasa. Ya sauko yana faɗa, ya ce wata rana hukuma zai kira musu. Kowa a gidan ya ji.

Isha'aku ya ce, "Ki bar zargi, ba ki gani ba."

"To wa zai yi? Wa ya san inda warshar take, ya san lokacin da ba ka nan?"

Ya ce a ransa zai gaya mata in ta huce, gobe ko jibi. Gobe ta yi, jininta ya hau har sai da aka kai ta asibiti. Jibi ta fita ta tsaya a ƙofar Aissa, matar Maman Lawali, ta faɗa mata maganganun da ba a mayarwa. Aissa ce ta karɓi haihuwar Mahmud. Shekara da shekaru su biyun suna soya gyaɗa tare suna kai wa masu shaguna. Daga ranar suka raba kasko.

An samu saƙonni a wayar Mahmud, shi ma bai yi musu ba. Ya ce yana sayar wa abokai ne don ya samu nasa na sha. Hamad ya nemo musu wani mai sanin shari'a, wanda ya zaunar da Isha'aku ya bambanta masa kalmomi biyu. Akwai ta'aɗi, wato sha. Akwai tarwij, wato sayarwa. Ƙofar asibitin da Hamad ya faɗa ta mai sha ce kawai. Alƙali ya yanke wa Mahmud shekara biyar, da bulala da za a riƙa yi masa kashi-kashi, da tara. In ya gama, za a fitar da shi daga ƙasar, tunda ba ɗan ƙasa ba ne.

"A fitar da shi zuwa ina?" in ji Salamatou. "Nan ce ƙasarsa. Ga asibitin da aka yi masa rigakafi can."



Ranar ziyarar maza daban take da ta mata. Da Isha'aku ya je karon farko, ya tsaya cikin dogon layi a rana, aka caje shi, aka shigar da su wani zaure mai raga biyu a tsakiya, kowa yana ɗaga murya don a ji shi. Mahmud ya fito an aske masa kai, ya rame, idanunsa sun yi fari tas. Rabon Isha'aku da ya gan su haka ya daɗe, kuma ganin bai yi masa daɗin da ya zata ba.

Suka gaisa. Ya tambaye shi abinci, ya tambaye shi wurin kwana. Mahmud ya matso da bakinsa jikin raga.

"Abuya, sun karanta mini takardar. Sunanka ne a sama."

Isha'aku ya kama ragar da yatsunsa.

"Asibiti na so a kai ka. An ce mini in uba ne ya kai..."

"Na sani. Jami'in ya gaya mini. Da farko na yi fushi sosai, marra. Na ce ba zan fito in ka zo ba. Ba'den, daga baya, na ce, to, kayan nawa ne, ba kai ka sa su a kujera ba." Ya share hanci da bayan hannu. "Amma da ka tambaye ni, abuya. Da ka zo ka ce, mene ne wannan. Ko duka ne ka yi mini."

"Da na tambaye ka."

"Halas. Ban gaya wa ummi ba, kuma ba zan gaya ba. Kai ma kar ka gaya mata. Jininta."

Isha'aku ya riƙe wannan maganar ya fita da ita. Yaron da kansa ya ce kar a faɗa. Duk lokacin da abin ya taso masa, a sahun salla ko yana tsakiyar buga ƙusa, sai ya tuna wa kansa haka. Wani lokaci yakan ji sauƙi har zuwa yamma.

Ranakun da Salamatou ta dawo daga ziyara su ne masu wuya. Takan zauna ta ba shi labari tana ninke mayafi: yau yaron bai iya jingina da bango ba, an yi masa kashi na biyu na bulalar. Yau ya ce ya haddace izu uku. Sai ta ɗaga hannu ta kai ƙarar wanda ya yi musu wannan wurin Allah, ta juyo tana jiran ya ce amin. Yakan motsa leɓe kawai.

A unguwa kuma magana ta bazu cewa Maman Lawali ɗan rahoto ne. Yawancin masu cin tsirensa 'yan ƙasarsu ne marasa iƙama, wato takardar zama, masu wankin mota da masu dako, waɗanda ko jiniya suka ji sai sun nemi lungu. Suka daina tsayawa a tukubarsa. In ya shigo masallaci, hira takan mutu. Isha'aku yana wucewa da yamma ya ga naman jere a kan wuta yana bushewa, mai shi zaune yana korar ƙuda. Sai ya sauya hanya, ya riƙa zagayawa ta bayan gidan burodi.

Haka aka ci fiye da shekara.

Wata ranar Laraba da rana tsaka, yana cire tsohon yadi daga jikin wata kujera, sai inuwa ta tare ƙofar warsha. Maman Lawali ne, ya sha farar riga kamar mai zuwa Juma'a, da wani abu naɗe cikin tawul a hammatarsa. Daga Hindawiyya ya hawo mota takanas.

"Malam Isha'aku, ban zo da faɗa ba."

"Bismilla, shigo."

Bai zauna ba. Ya kwance tawul ɗin, Alƙur'ani ne.

"Da alwalata na zo. Na faɗi maganar nan a rufin gida, ban musa ba, zafin rai ne. Amma ban kira kowa ba. Na gaya wa mutane sun ƙi ji. Aissa kullum kuka. Bon, na ce bari in zo wurinka, kai ne uban yaro. In na dafa a gabanka ka yarda, sauran ba su dame ni ba."

Ya ɗora littafin a kan teburin yanka, ya ɗaga hannun dama. Isha'aku ya riƙe masa wuyan hannu kafin ya sauke.

"Kar ka dafa."

"Ka bar ni in dafa."

"Na san ba kai ba ne. Tun ranar na sani. Ni ne na kai."

Maman Lawali ya dube shi. Isha'aku ya faɗa masa komai a tsaye, da kujerar, da Hamad, da shayin, da sikelin. Mutumin ya saurara har ƙarshe. Sannan ya zare hannunsa a hankali, ya mayar da Alƙur'anin cikin tawul.

"Ka kai ɗanka ko ba ka kai ba, wannan tsakaninka da shi ne," ya ce. "Da ɗana ne, wataƙila ni ma abin da zan yi ke nan. Amma kana wucewa ta gabana, Malam. Kana gani."

"Ina gani."

Ya fita bai yi sallama ba.

Isha'aku ya rufe warsha ya koma gida. Ya samu Salamatou tana tsince shinkafa a faranti. Ya zauna a ƙasa gabanta, abin da bai saba ba, ya gaya mata. Ya zata za ta faɗi, ya ma ajiye maganinta kusa. Ba ta faɗi ba. Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar.

"Shi ya sani?"

"Ya sani tun farko. Shi ya ce kar in gaya miki."

"Shi yana cikin raga yana rufa maka asiri." Ta ture farantin gefe. "Addu'o'in nan da nake yi, kana zaune kana ji."

"Ina ji."

"Ka bar ni na je na zagi matar da ta yanke masa cibiya."

Ta tashi ta ɗauki abayarta. Ya ji ta ƙwanƙwasa ƙofar Aissa, ya ji an daɗe ba a buɗe ba, sannan aka buɗe. Ba ta dawo ba sai bayan magariba.

Ranar Juma'a, bayan an sallame, ya tsaya a harabar masallaci inda 'yan ƙasarsu suke taruwa su gaisa, ya faɗa da bakinsa cewa shi ya kai ƙarar ɗansa, Maman Lawali ba shi da hannu. Wasu suka ce ya yi abin da uba zai yi. Wasu suka sa takalmansu suka wuce. Masu cin tsire sun dawo kaɗan-kaɗan, ba duka ba. Maman Lawali yana amsa gaisuwarsa, amma bai ƙara miƙo masa tsinke ɗaya ya ce ɗanɗana ba, yadda ya saba a da.

Salamatou ba ta bar gidan ba. Tana dafa abinci, tana wanke masa kaya, tana amsawa in ya yi magana. Labarin ziyara ne ta daina ba shi. In ta dawo, Zakiya take kira ta gaya wa, shi kuma ya tsinci abin da ya tsinta daga ɗaya ɗakin.

An rage wa Mahmud wani abu saboda haddar da ya yi. A shekara ta huɗu aka mayar da shi inda ake tsare waɗanda za a tasa ƙeyarsu gida. Babu wanda ya iya gaya musu ranar tashi. Isha'aku ya yi waya da ƙanensa Idris a Damagaram, ya ce ya zauna da shiri. Ya kai jaka ɗaya da kaya da 'yan kuɗi, aka karɓa a ƙofa, ba a bar shi ya ga yaron ba.

Wata safiya suna karyawa wayarsa ta yi ƙara, baƙuwar lamba mai tsawo.

"Abuya, ni ne. Ina Yamai. Wayar wani ce, ya ce in yi sauri."

Bayansa ana ta hayaniya. Salamatou ta ajiye kofinta.

"Lafiya kake? Jakar ta iso?"

"Ta iso. Abuya, ban san inda zan bi ba. Suna mini Faransanci, wasu kuma wani yare, ba Hausa ba. Na yi magana suna dariya."

"Zabarmanci ne. Saurara. Ka fita waje ka nemi taksi, ka ce a kai ka tashar manyan motoci masu zuwa Damagaram. In ba su gane ba ka ce Zandar. Tafiya ce mai nisa, ka sayi ruwa da burodi. Baffanka Idris zai tsaya maka a tasha, dogo ne, yana kama da ni."

"Yaya zan ce? Faɗa mini daidai."

"Ka ce, Damagaram za ni, a kai ni tasha."

"Damagaram za ni. A kai ni tasha."

"Haka. Kar ka ce yalla, kar ka ce halas, za su ninka maka kuɗi."

Ya ji yaron ya yi 'yar dariya, gajera. Yana so ya ƙara wata magana, ya rasa ta inda zai fara, ga mai waya yana jira. Salamatou ta miƙo hannu. Ya ba ta.

Ta juya masa baya tana magana ƙasa-ƙasa, tana tambayar ko ya ci abinci, ko da sanyi a can. Da layin ya yanke ta riƙe wayar a cinyarta.

"Kira Idris," ta ce. "Ka gaya masa yaron ba ya cin yaji sosai. Kar su cika masa."

Ya karɓi wayar ya shiga neman lambar.